Na Je Jego Inda Rana Ba Ta Faɗuwa

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na leƙa baƙala, kantin unguwa, sayen burodin tamis, tambaya. In na je gaisuwa unguwar Aziziyya, tambaya. Ranar nan har a cikin tasi wata 'yar unguwar Nakkasa ta waiwayo ta ce, "Hala Rabi, wai da gaske kin je ƙasar da rana ba ta faɗuwa?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na ba labarin sai ta tafi in tuna na tsallake wani abu. Shi ya sa na ce bari in zauna in zuba shi a wuri ɗaya, mai son ji ta ji.

Ni dai a goye aka shigo da ni Makka daga Sudan. A nan na girma, a nan na yi aure, a nan unguwar Shisha na binne mijina. Nisan da na sani bai wuce Madina ba, sai Kano da aka taɓa kai ni ganin dangi. Abin da ya fitar da ni autata ce, Safiyya. Mijinta Bashir, ɗan mutanen Damagaram ne da ya tashi a Nakkasa, ya yi karatun gyaran injin jirgin ruwa, aiki ya ja shi can ƙuryar arewacin Norwe, ya ɗauke mini 'ya ya tafi da ita. Sau biyu tana ɓari a can ba na kusa, sai dai in ji kukanta a waya. Da cikin nan ya tsaya ya tsufa na ce ko a ƙarshen duniya take zan je. A raina kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba: in ta haihu lafiya zan matsa wa Bashir ya nemi aiki ko a Jidda ne, ya maido mini da ita cikin mutane.

Biza ta ja ni da jira har na fara cire rai, sannan ta fito. Na haɗa kaya irin na mai zuwa jego: garin gero, kanwa, yaji, kuka, daddawa, dabino, zamzam, da kilishin da wata maƙwabciyata ta ba ni. Babban ɗana ya kai ni filin jirgin Jidda yana ta nanata mini, "Yumma, kada ki kashe waya. Duk wanda ya yi miki magana ba ki gane ba, ki kira Bashir ki miƙa masa."

Wannan shawara ta yi rana tun a Oslo. Na ɗauko akwatina ke nan sai wani kare ya zo ya zauna a gabansa kamar an aiko shi. Na ja baya ina kare abayata. Wani ma'aikaci dogo ya yafito ni, aka buɗe kaya, aka fara fito da ƙulle-ƙulle. Kilishi dai nan take aka ajiye shi gefe, Bashir ya ce mini a waya ba a shiga da nama, in haƙura. Na haƙura. Daddawa kuwa mutumin yana kwance ledar ya kau da kai yana tari. Da aka zo kan kanwa sai na ga fuskarsa ta canza, ya kira wani, su biyu suna jujjuya ta. Na gane abin da suke zato, wai kayan maye ne. Ban jira Bashir ba, na gutsura na jefa a baki na tsotsa, na shafa cikina, na yi alamar rungumar jariri. Suka dubi juna. Na biyun ya ɗan lasa a yatsa, ya yamutsa fuska, sai dariya ta ƙwace masa. Sun dai ɗiba sun gwada da wani abu nasu, sannan dogon da kansa ya mayar mini da kayana ya zuge akwatin.

Daga nan sai wani jirgin zuwa arewa, daga shi kuma wani ƙarami mai farfela wanda ke rawa kamar tsohuwar mota a hawan dutse. Bashir ya so ya zo tarye ni, amma Safiyya ta kwana da ciwon baya, na ce kada ya kuskura ya bar ta. Ya kwatanta mini bas ɗin da zan hau da inda zan sauka in shiga jirgin fito. Ina fita daga filin jirgin iska ta mare ni. Wai kuma wannan shi ne lokacin zafinsu. Ni da silifas da siririyar safa.

Hanyar ba ta ba ni tsoro kamar yadda na zata ba. Duwatsu ne, kuma mu 'yan Makka ba a nuna mana dutse. Ramukan da aka huda a cikinsu ma irin namu ne na hanyar Mina, sai dai nasu sun fi tsawo. Abin da ban taɓa gani ba shi ne teku ta kutso tsakanin duwatsu ta yi ta tafiya cikin ƙasa kamar kogi, shiru, baƙi ƙirin. Fiyod suke ce masa. Gari yana can tsallake kana hango tagoginsa, amma sai mota ta yi ta zagaye kafin a kai. Cikin bas ɗin kuwa ko tari. Kowa ya kama kujerarsa shi kaɗai yana kallon taga. Na fito da dabino na miƙa wa matar da ke gefena, ta razana kamar na miƙa mata wuta, sannan ta ɗauki ƙwaya ɗaya tak ta yi ta godiya.

Jirginmu ya makara, don haka muna isa bakin ruwa jirgin fito na ƙarshe ya riga ya tashi, ina hango bayansa. Direba ya sauke akwatina. Na tsaya ni kaɗai a kan siminti, tsuntsayen teku suna ta ihu a kaina, ƙafafuna sun daina jin komai. Direban ya hau motarsa, ya ja, sai kuma ya tsaya ya sauko. Ya karɓi wayata suka yi magana da Bashir, ya ɗauki akwatin ya yi gaba, na bi shi. Wasu jajayen ɗakunan katako ya kai ni, an kafa su a kan turaku cikin ruwa, dā na masunta ne, yanzu baƙi ake saukewa. Ya ƙwanƙwasa wata ƙofa, wata baƙar mace da ɗankwali ta fito. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Larabci, "Assalamu alaikum ya hala, min wen?" Wato, gwaggo daga ina?

Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Sa'adiyya sunanta, 'yar Eritiriya ce, ita ke kula da ɗakunan. Ta ba ni safar ulu, ta dafa mini shayi da citta, ta kawo miyar kifi fara fat da madara a ciki. Na ɗauko yajina na barbaɗa, ta zama abinci. Da na ce daga Makka nake sai ta kama hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Na yi la'asar na zauna jiran magariba. Na yi ta jira. Rana ta sauko ta tsaya a kan dutse kamar mai shawara, ta ƙi faɗawa, sai ma ta fara gangarawa gefe. Barci yana fizgata, ga salla a kaina. Na je na sami Sa'adiyya na ce, "'Yar nan, yaushe ake magariba a garin nan?"

Ta yi dariya ta ce, "Hala, in ranar nan kike jira sai ki yi makonni a zaune. Mu nan a irin wannan lokaci jadawalin Makka muke bi. Haka malamai suka ce mana."

Na ce, "Wace Makkar?"

Ta ce, "Taku mana."

Na koma ɗaki na yi alwala. Shekara nawa ina jin kiran sallar Harami ina daka, ina wanki, wani lokaci har in ce bari in ƙarasa wannan tukuna, ashe akwai waɗanda ke can bayan duniya suna ƙirga lokacinsu da shi. Na yi magariba da isha rana tana haska dardumata.

Washegari na tsallaka. Bashir na tsaye a bakin gaɓa, ya durƙusa ya gaishe ni a kan jiƙaƙƙen siminti mutane suna kallo. Kafin in ga ƙauyen hancina ya gan shi. Ko'ina an kakkafa dogayen katakai an rataye kifi yana bushewa a iska, ba gishiri ba hayaƙi. Wani wurin kuma kawuna ne zalla, an shirya su a igiya, bakuna a buɗe. Bashir ya ce, "Umma, waɗancan duk Najeriya za su, can ake miya da su." Na ce to, su ba a wahalar da su da biza.

Safiyya ta fito bakin ƙofa da cikinta a gaba. "Yumma!" kawai ta iya cewa. Sauran ba sai na faɗa ba.

Ƙauyen duka bai kai layinmu na Shisha yawan mutane ba. Kwanakin farko na ce lallai zatona gaskiya ne, an kawo 'yata inda ba mutane. Ka haɗu da mutum a hanya, ya ɗaga haɓa ya ce "hai", shi ke nan an gama gaisuwa. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya yara. Abincin rana burodi ne mai sanyi da yankan wani cuku ruwan ƙasa, wanda na ɗauka sabulu ne, ashe zaƙi gare shi. Amma suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu, kuma ba wanda ke kulle gida. Wata safiya na buɗe ƙofa na ga kifi ɗanye a bokiti, an gyara shi tsaf. Na ce wa Safiyya wani ya yi mantuwa. Ta ce, "La, yumma, maƙwabta ne. Haka suke yi, ba sa son a tsaya godiya."

Maƙwabtan tsofaffi ne biyu, wa da ƙanwa. Ƙanwar ta shigo da yamma da faranti a rufe, gajeriya mai farin gashi. Safiyya ta ce sunanta Turid. Na gwada na kasa, na ce Turai, ta amsa, ya zauna. Wan nata ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ƙato, hannuwansa duk sun faffashe da ruwan gishiri. Bashir ya nuna shi ya ce, "Umma, wannan Arne ne."

Na ce, "Subhanallahi! Bashir, mutum ya zo gaishe ni ka zage shi a gabana?"

Bashir ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce wallahi sunan yanka ne, haka uwarsa ta raɗa masa, kuma a ƙasar suna ne mai daraja. Na ce ko ma mene ne, bakina ba zai kira dattijo da wannan ba. Tunda jirgin kamun kifi gare shi na sa masa Sarkin Ruwa. Da aka fassara masa sai ya gyara tsayuwa, ya mayar da hularsa, ya ce wani abu gajere. Wai ya ce tun yana yaro yake teku, sai yau aka gane matsayinsa.

Ni da Turai ba mu da kalma ɗaya ta tarayya, amma muka saba. Takan zo da saƙarta ta zauna, ni ina tsince shinkafa, ta yi nata yaren in yi nawa. Gahawarta ba sukari, tawa da hel mai ƙamshi, kowa ta sha ta 'yar'uwarta ta yamutsa fuska.

Haihuwa saura kusan wata ɗaya a lissafi, kuma an shirya cewa in ta matso za su koma kusa da asibiti su jira, domin asibitin yana can wani gari. Sai aka tashi da ruwan sama kamar ba za a daina ba. Rana ta uku da hantsi ina kicin na ji Safiyya ta kira ni da wata irin murya. Faya ta fashe, kuma akwai jini. Bashir ya kira asibiti. Ina kallon fuskarsa yana magana na san akwai matsala. Dutse ya zaftaro ya rufe hanyar mota, hazo ya hana jirgi mai saukar ungulu tashi, jirgin ruwan asibiti kuma yana can wani tsibiri da wani mara lafiya. Sun ce motar asibiti da ungozoma za su jira a wata gaɓa a tsallaken fiyod, in akwai mai kai mu.

Ban san lokacin da Turai ta fita ba. Na dai ji ƙarar inji a bakin ruwa. Sarkin Ruwa ya shigo da rigar ruwansa, shi da Bashir suka ɗauki Safiyya cikin bargo. Bashir ya ce in zauna a gida, tekun ba kyau. Na ce, "Daga Makka na zo don in zauna a gida?"

Ni da ko a Jidda ban taɓa yarda ruwa ya wuce idon sawuna ba. Jirgin ƙarami ne, duk ƙarnin kifi. Aka kwantar da ita a ɗan ɗakin matuƙi, kanta a cinyata, Turai ta riƙe ƙafafunta. Muna fita daga lungun ƙauyen igiyar ruwa ta ɗaga mu ta maka. Ba a ganin komai sai fari. Na yi amai a bokiti, na goge baki, na ci gaba da addu'a, na sake yi. Safiyya tana matse hannuna tana cewa, "Yumma, kar in rasa wannan ma. Yumma, ki roƙa mini." Na ce, "Ina roƙo, 'yar nan, ina roƙo." Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa. Turai ma bakinta yana motsi, idonta a rufe. Shi kuwa tsohon yana tsaye ya ware ƙafafu, hannu a sitiyari, ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Can sai ya ɗaga yatsa ya nuna gaba. Na hango wata shuɗiyar fitila tana walƙiya cikin hazo.

Ba mu kai asibiti ba. A cikin motar ta haihu, a gefen hanya, ungozoma ta karɓa. Mace ce, 'yar mitsitsiya. Ta fito shiru. Ungozomar ta juya ta tana murza bayanta, ni kuwa numfashina ya tsaya tare da nata. Sai ta canyara kuka. Bashir da ke gaba ya kifa kai a gwiwa yana ta kabbara. Na ɗiga mata zamzam a leɓe da yatsana, ubanta ya yi mata kiran salla a kunne.

Sun ɗan kwana a asibiti aka sallame su. Daga nan aikina ya fara. Kunun kanwa dai an sha shi, kanwar da na sha wuya a kanta. Wankan jego kuwa ba ganyen darbejiya, kuma ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa duba su ta ce ruwan kada ya yi zafi sosai. Muka yi ciniki ta bakin Bashir, ta ƙara kaɗan, na rage kaɗan. Inda muka kusa ɓatawa da Turai shi ne ranar da ta nuna mini hoton jikanta yana barci a keken jarirai a waje, ƙanƙara ta kewaye shi. Wai haka suke yi, iska tana ƙara wa yaro lafiya, kuma in tamu ta yi ƙwari ita ma za a fitar da ita. Na ɗauki jaririyar na goya ta, na ɗaure zane tamau, na nuna mata bayana na ce, "Nan ne wajenta." Ta zagaya tana duba ɗaurin. Kafin sati ya zagayo sai ga ta ta zo da mayafi tana so in koya mata.

Ranar suna Bashir ya samo rago a wata gona. Na ce mutum nawa za su zo, mu da ba mu da kowa? Na dafa kabsa da masa dai don kada a ji kunya. Lokacin da aka faɗa yana cika, ba gaba ba baya, sai ga ƙauyen nan gaba ɗaya a bakin ƙofa, takalma sun cika baranda, kowa da furanni ko 'yar rigar saƙa. Sa'adiyya ma ta tsallako. Aka sa wa yarinya Nasiba. Sarkin Ruwa ya ga ina barbaɗa yaji, ya miƙo farantinsa, na ce kaɗan, ya ce a ƙara. Ya ci, fuskarsa ta yi ja, hawaye yana zuba, ya sake miƙo farantin. Na sa Bashir ya yi masa godiyar abin da ya yi mana, na yi ta jero magana. Ya saurara har na gama, ya ɗaga kafaɗa ya ce dama yana so ya gwada injin.

Maganar da na zo da ita a raina sai da tafiyata ta matso na fito da ita, ina yi wa Safiyya kitso. Na ce, "Ba kya son dawowa gida?"

Ta ce, "Ina kewar Harami, yumma, ina kewarki. Amma a can kullum muna fargabar ikama, takardar zama, yau an sabunta gobe ba a sani ba. Nan Bashir yana barci da ido biyu a rufe. Nasiba kuma ba wanda zai ce mata ta fito da takarda kafin ta shiga makaranta."

Na ƙarasa kitson. Ban kuma yi wa Bashir maganar ba.

Ranar da zan taho suka rako ni bakin jirgin fito. Na yi ta daurewa har na zo kan Turai. Na kama hannuwanta biyu na ce wa Safiyya, "Faɗa mata ni zan tafi, kuma ƙasarmu da nisa. Faɗa mata ban san abin da zan ce ba." Turai ta saurara, ta gyara mini mayafina da iska ta ture, ta yi magana a hankali. Safiyya ta fara fassarawa, kuka ya ƙwace mata, sai Bashir ne ya ƙarasa.

Ya ce, "Umma, ta ce ki tafi da kwanciyar rai. Ta ce tagar kicin ɗinta tana kallon tagar ɗakin Safiyya. Duk safiyar da ta ga ba a ɗaga labule ba, za ta je ta ƙwanƙwasa."

Jirgi ya yi ƙara, na shiga. Ina tsaye a baya ina kallonsu suna ƙanƙancewa, Safiyya da mijinta, da tsohuwar nan a tsakiyarsu ta karɓi jaririyar ta rufe ta da rigarta.

To, 'yan'uwa, abin da na gano ke nan. Masu tambaya ko akwai mutane a can, akwai. Alhamdu lillahi da Ya kai ni, Ya nuna mini, Ya dawo da ni lafiya.